Jijiya da "Artery": Asalin Wata Kalmar Likitoci

A watan jiya, sa'ad da aka rarraba mu cikin makarantun gari don koyon koyarwa, aji huɗu ya faɗo mini, darasi kuwa na kiwon lafiya ne. Na yi kwana biyu ina shiri. Da na shiga aji na zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, na gaya wa yara jini ya kan fita daga zuciya ta cikin jijiya, ya kuma komo ta cikin jijiya. Da na ga sun yi tsit sai na ɗauka sun gane, na ƙara da cewa saƙon ƙwaƙwalwa ma ta jijiya ya ke bi zuwa hannu da ƙafa. Ban rufe baki ba sai wani yaro ɗan mahauta ya ɗaga hannu daga can baya, ya ce, "Malam, jijiyar da mu ke cirewa daga nama, wadda wuƙa ba ta cin ta sai da ƙyar, ai ba ta da rami. To, ta ina jinin ya ke bi?" Yara suka yi dariya. Malaminmu da ya zo duba ni bai yi dariya ba, sai na ga ya sunkuya ya rubuta wani abu cikin littafinsa.

Yaron nan ya fi ni gaskiya. In mun lura, abin da mu ke kira jijiya a jikin mutum ya kai iri huɗu, kuma ba su haɗa aiki ba ko kaɗan. Akwai farar igiya mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara da ke bayan dunduniya, ita ce yaron ya sani. Akwai farin zare mai taushi wanda ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka, shi ke kai ji da motsi. Sa'an nan akwai hanyoyin jini iri biyu, masu fitar da shi daga zuciya da masu komo da shi. Ban da waɗannan duka, saiwar itace ma jijiya mu ke ce mata. Kalma guda ke nan muka ɗora wa kaya biyar, ni kuwa na tsaya gaban yara arba'in ina jujjuya ta kamar kowa ya san wadda na ke nufi.

Da na komo kwaleji na buɗe littafin Turanci, na tarar ko wace ɗaya da sunanta dabam. Mai fitar da jini daga zuciya ana rubuta sunanta "artery", ana faɗinsa kamar atari. Sai na ji ƙyashi, na ce lalle waɗannan mutane tun fil azal sun san jikinsu sarai, mu ne aka bari a baya. Amma da na bi asalin kalmar sai na iske abin ba haka ya ke ba. Sunan nan da su ke alfahari da shi, kan kuskure aka raɗa shi, har yau kuwa kuskuren yana nan kwance cikinsa.

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Ta Yunanawa ce, su suna cewa "arteriya", daga gare su ta shiga Latin, harshen Rumawa, daga nan ta isa Ingila gab da shekara ta 1400. A bakin Yunanawan farko kuwa ba hanyar jini ta ke nufi ba, maƙogwaro ta ke nufi, watau bututun da numfashi ke bi zuwa huhu. Haka Aristo, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ke amfani da ita cikin littattafansa na dabbobi. Hanyar jini ko wace iri, a wancan zamani, suna guda su ke ba ta, "fileps", kamar dai yadda mu ke yi da jijiya.

Mutanen da sun ɗauka kalmar ta fito ne daga kalmomi biyu, "a'er", watau iska, da "terein", watau tsarewa, ma'ana ke nan ma'ajin iska. Wannan fassara tana da daɗin ji, ta kuwa daɗe cikin littattafai. Amma masanan harsuna na baya sun fi karkata ga wata kalma, "a'eirein", wadda ke nufin ɗagawa ko ratayewa. Daga wannan tushe ne aka sami "a'orta", sunan babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya ta lanƙwasa ta gangara ciki, daga shi kuma aka sami "a'orter", sunan hamilar da mayaƙansu ke rataya takobi da ita. Da farko ban ga abin da ya haɗa maƙogwaro da hamila ba, sai da na je mahauta.

Ran Juma'a da sassafe na tafi wurin uban yaron nan, na gaishe shi, na ce, "Baba, so na ke ka nuna mini huhu da zuciyar rago tun ba a raba su ba." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam ƙarami, yau kuma karatun ya biyo ta kanmu?" Ya sa hannu ya kama maƙogwaro ya ɗaga sama, sai ga huhu biyu da zuciya suna reto a ƙarƙashinsa. Nan take na gane. Duk wanda ya taɓa feɗe dabba ya san maƙogwaro shi ne maratayin kayan ƙirji, Yunanawa kuwa ba su rasa mahauta ba.

To, yaya aka yi sunan maƙogwaro ya koma kan hanyar jini? Amsar ma a teburin mahaucin na gan ta. Ya yanke mini babbar jijiyar da ta fito daga saman zuciya. Fara ce, mai kauri, in ka ja ta ta miƙe, in ka saki ta koma, bakinta a buɗe kamar na gora, har na zura ɗan yatsa ciki. Ba ko ɗigon jini a cikinta. Kusa da ita ga wata mai siririn bango, ta lotse ta manne, da ya tsaga ta sai ga gudan baƙin jini. Dalili shi ne, in rai ya fita, masu kaurin nan su kan matse su tura sauran jininsu gaba zuwa cikin masu taushi, sa'an nan su tsaya a buɗe wayam saboda ƙarfin bangonsu. Wanda bai taɓa duba su ba sai a mushe ko a gawa, me zai ce suna ɗauke da shi in ba iska ba?

Abin da wani likita mai suna Praksagoras ya ce ke nan. Mutumin tsibirin Kos ne, garin Buƙratu uban likitoci, ya yi zamani wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara raba hanyoyin jini gida biyu, wannan kuwa babban aiki ne. Amma ya ce masu taushi su ke ɗauke da jini, masu kauri iskar rai ce ke bin su. Tun da ya ke a ganinsa su ma hanyoyin iska ne, 'yan'uwan maƙogwaro, sai sunan maƙogwaro ya game su. Mu kan ce gani ya kori ji. Ga mutum ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya kuwa ɓata, domin abin da ya duba matacce ne, tambayarsa kuwa a kan mai rai ta ke.

Da sunan ya zama na abu biyu, sai aka bukaci abin da zai bambanta su. Maƙogwaro yana da zobba na guringuntsi, daga 16 zuwa 20 a jikin mutum, ko wane ɗayanku ya shafa wuyansa zai ji su, saboda haka aka ce masa "tarakeya arteriya", watau arteriya mai kaushi. Hanyoyin jinin aka ce musu masu santsi. Yau da gobe sai aka gajarta. Masu santsi suka riƙe sunan su kaɗai, mai ainihin sunan aka bar shi da laƙabi. Abin da likitoci ke kiran maƙogwaro da shi yanzu, "tarakiya", ba shi da wata ma'ana sai "mai kaushi". Baƙo ya gaji gida, mai gida ya koma zaure. Faransawa kaɗai na ga sun yi masa ɗan adalci, domin a tsohon sunansa na harshensu kalmomin biyu suna nan haɗe.

Mai karatu zai ce, ashe Yunanawa ba su taɓa ganin an sari mutum a yaƙi ba, ko an yanka sa, jini ya yi tsartuwa? Sun gani ƙwarai. Nan ne labarin ya fi ba ni mamaki. A Iskandariya ta ƙasar Masar, inda sarakunan lokacin suka yarda likitoci su buɗe gawar mutum, an yi wani gwani mai suna Erasistratus, wanda ya rasu wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba ƙaramin masani ba ne, shi ya bayyana yadda ƙyamaren cikin zuciya ke buɗewa ta gefe guda kaɗai. Da aka kawo masa wannan tambaya sai ya ce, in an huda arteriya iskar cikinta ce ke fara ficewa, ba a ganinta, wurin kuwa ba ya yarda ya zauna wofi, don haka sai ya zuƙo jini daga masu taushi ta waɗansu ƙananan mahaɗai da ido ba ya iya gani. Ku dubi irin wannan hikima! Duk inda ka huda ka ga jini, ya riga ya tanadi amsa. Ni a ganina da mutum mai ƙaramin wayo ne da ya sallama tun a karon farko. Yawan basirarsa ne ya ba kuskuren tsawon rai. Abin dariya kuma, mahaɗan da ya ƙaga don ya kare ƙarya, daga baya an tarar akwai su.

A wannan birni kuma a wannan zamani aka warware ɗaya rikicin, wanda ya fi kama da namu. Yunanawa suna da kalma "neuron", tana nufin agara, tana nufin igiya, har tsirkiyar baka. Herofilus, almajirin Praksagoras, shi ya nuna cikin fararen igiyoyin nan akwai waɗanda suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, masu kai ji da motsi, dabam da masu ɗaure tsoka. Ashe tambayar da ɗan mahauta ya yi mini, an yi ta a Masar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Shi ne kuma aka ce ya kan auna bugun jinin majinyaci da agogon ruwa.

Sai da aka yi shekara wajen ɗari huɗu kafin a kori iskar nan daga cikin arteriya. Wanda ya kore ta shi ne Jalinusu, wanda malamanmu na zaure suka san sunansa daga littattafan ɗibbu. An haife shi a shekara ta 129 a Fergamon, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. A shekara ta 157 aka sa shi likitan bayin da ke wasan takobi a gaban jama'a, saboda haka ya ga raunuka iri iri a jikin masu rai. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Ya tono arteriya a jikin dabba mai rai, ya ɗaure ta da zare a wuri biyu, sa'an nan ya tsaga tsakanin ɗaurin. In da iska ce a ciki, ba ta inda jini zai shigo, tun da an toshe gaba da baya. Ya tarar da jini cike. Magana ta ƙare, amma suna bai sake ba, domin baki ya riga ya saba.

Jalinusu ma ya bar nasa kuskure. Ya ce hanta ce ke yin jini daga abinci, jijiyoyi su kai shi ga gaɓoɓi su shanye, kamar yadda lambu ke shanye ruwan da aka kwarara masa, wani kaɗan kuma ya ratsa daga dama zuwa hagun zuciya ta waɗansu ƙofofi da ba a gani a bangon tsakiya. A kan wannan aka zauna shekaru fiye da dubu.

Larabawa da suka juya littattafansa zuwa harshensu a Bagadaza, babbansu Hunainu ɗan Is'haƙa wanda ya rasu a shekara ta 873, sun yi wani abu da ya kamata mu lura da shi. Kalmarsu ta asali, "irƙu", ita ma kamar tamu ce, tana nufin jijiyar jiki tana nufin saiwar itace. Ba su jefar da ita ba, sai suka yi mata ƙari. Masu fitar da jini suka ce musu "uruƙu dawaribu", watau jijiyoyi masu bugu, sauran kuwa marasa bugu. Suna kuma cewa "shiryanu" da "waridu". Maƙogwaro suka ba shi nasa suna dabam, ma'anarsa karan huhu, don haka rikicin Yunanawa bai bi su ba. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya riga ya haddace biyu daga cikin kalmomin nan tun bai san inda su ke a jikinsa ba: "waridi" tana cikin Suratu Ƙaf, "watini" kuwa, babbar jijiyar zuciya, tana cikin Suratul Haƙƙa. Wanda ya kai babin yanka a Risala kuma ya san an raba maƙogwaro dabam, jijiyoyin wuya biyu dabam.

Daga cikinsu ne aka sami Ibnun Nafisi, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a shekara ta 1288. Cikin sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina a shekara ta 1242 ya ce bangon tsakiyar zuciya ba shi da wata ƙofa, ta fili ko ta ɓoye, jini daga dama sai ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya isa hagu. Maganarsa ta kwanta cikin takardu, har shekara ta 1924 da wani likita Bamisire, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da littafin a ɗakin karatu na Berlin.

Wanda ya kammala aikin Bature ne na Ingila, William Harvey, a littafin da ya buga a shekara ta 1628. Da lissafi ya kama gaskiya, lissafin kuwa ɗan aji huɗu zai iya yinsa. Bari in yi shi da awon da aka sani yanzu. Zuciyar babban mutum tana bugawa kamar sau 70 a minti guda, ko wane bugu tana tura jini wajen mililita 70. A minti ke nan kusan lita 5, a sa'a guda kusan lita 300, watau wajen duro ɗaya da rabi. Jinin jikin mutum duka kuwa lita 5 ne, galan guda da ɗan ɗori. Wace hanta ce za ta dafa duro da rabi na jini ko wace sa'a, daga wane tuwo? Ba makawa jinin nan guda ne ke kewayawa, ya fita ta masu bugu ya komo ta marasa bugu. Abu guda ya gagare shi, bai ga inda suka haɗu ba. Ya rasu a shekara ta 1657, bayan shekara huɗu Malpighi, mutumin Italiya, ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma ya ga 'yan siraran hanyoyin da suka sada su, waɗanda sun fi gashin kai siranta nesa.

Kada wani ya ce wannan duk wasan kalmomi ne. Yaran da za mu koyar za su riƙe lauje da gatari da adda, su ne kuma za a kira in wani ya ji rauni a ƙauye, don an ce sun yi makaranta. Wanda aka gaya wa "jijiya ta tsinke" bai ji kome ba tukuna. In mai bugu ce, jini ja wur zai riƙa tsartuwa yana bin bugun zuciya, in babba ce mutum na iya mutuwa cikin 'yan mintoci, ba abin yi sai a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga don a leƙa, kada a zuba ƙasa ko toka, a garzaya asibiti hannu na kan raunin. In marar bugu ce, jinin ya fi duhu, malala ya ke yi, dannewa ta fi saurin tsai da shi. In agara ce, jinin ba yawa, amma yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, sai likita ya ɗinke. In kuwa mai kai ji ce, wurin ya kan mutu, a tsikare shi da allura mutum bai sani ba. Ita ce kuturta ke ci, shi ya sa kuturu ya kan ƙone a wuta bai ji ba, har yatsun su lalace. Huɗu ɗin nan sunansu ɗaya a bakinmu.

Waɗansu abokanmu a nan sun ce abu mai sauƙi shi ne mu ari na Turawa, mu ce atari. Ban ƙi aro ba, harshenmu cike ya ke da shi, daga allo har tebur. Amma a nan ban yarda ba. Atari ba ta gaya wa yaro kome, in ma ya bi asalinta maƙogwaro za ta kai shi. Waɗansu kuma sun ce a kira su jijiyar jan jini da jijiyar baƙin jini. Wannan ya fi, sai dai yana da rami a gaba, gama wadda ta tashi daga zuciya zuwa huhu baƙin jini ta ke ɗauke da shi, alhali kuwa mai fitarwa ce, masu komowa daga huhu kuma ja su ke kawowa. Ni na fi son hanyar Larabawa: jijiya mai bugu, jijiya mai komo da jini, jijiyar ji da motsi, sa'an nan a bar wa mai ɗaure tsoka sunan agara. Dalilina guda ne, ko wane suna cikin waɗannan yaro zai iya gwada shi a jikinsa ba tare da ya gaskata ni ba.

Haka na yi da na koma ajin ran Talata. Ban zana kome a allo ba. Na sa kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa har ya ji bugu, muka ƙirga da agogon makaranta, sa'an nan suka kewaya fili da gudu suka sake ƙirgawa. Na sa suka saukar da hannu har jijiyoyin bayansa suka kumbura, ko wane yaro ya danne guda da yatsa, ya share jinin da wani yatsan zuwa wajen dantse, ya saki na biyun. Jijiyar ta zauna a lotse, ba ta cika daga sama ba, sai da aka ɗage yatsan ƙasa. Gwajin Harvey ke nan. Daga ƙarshe kowa ya kama agararsa ya motsa ƙafa.

Ɗan mahauta ya zo da babbar jijiyar zuciyar sa a cikin ganye, ubansa ya aiko mini. Muka zagaya da ita aji, kowa ya leƙa ramin. Shi kuwa da ya karɓe ta sai ya sa a baki zai busa, na hana shi.